Zumunci Da Lafiyar Jiki

  

Kun saba jin muna yi muku magana a kan sauro da zazzaɓi, da tsabtar ruwan sha, da allurar rigakafi ta yara. Yau kuwa za mu yi magana a kan wani abin tsaron lafiya wanda ba a zuba shi cikin kwalba, ba a kuma sayar da shi a kanti, watau zaman mutum da mutane: zumunci, da maƙwabtaka, da abuta, da zaman lafiya tsakanin miji da mata. Mun shirya wannan jawabi musamman domin mutanen Magarya da sauran garuruwan ƙasar Wurno, da na Rabah, da na Goronyo, amma duk wanda ya ji zai sami abin ɗauka. Wanda ya iya karatu, in takardar nan ta zo hannunsa, ya taimaka ya karanta wa waɗanda ke zaune kusa da shi suna jiran malamin asibiti.

TSOFAFFI BIYU

Bari mu fara da misali. A ce ga tsofaffi biyu sun zo dispensa rana ɗaya. Shekarunsu ɗaya, ciwonsu ɗaya, watau hawan jini. Malamin asibiti ya auna su, ya ba kowa ƙwayoyi iri ɗaya, ya ce a sha kullum, a rage gishiri, a komo bayan wata guda.

Na farko yana zaune cikin 'ya'ya da jikoki. Da safe jikarsa ta kawo masa koko, ta ce, "Kaka, ka sha maganinka?" Surukarsa ta rage gishiri da dunƙule a miyarsa. Da la'asar ya fita ƙofar gida, abokansa su zo a shimfiɗa tabarma, a yi taɗi, a yi dariya. Ran da wata ya cika, ɗansa ya ɗauko shi a babur ya kawo shi awo.

Na biyu matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun tafi cin rani kudu. Yau ya sha magani, gobe ya manta. Abinci sai abin da ya samu. In dare ya yi, ya kwanta yana saƙe-saƙe har asuba. Ƙwayoyi suka ƙare, ba mai kai shi dispensa, shi kuma yana jin nauyin roƙon maƙwabta. Ran nan ya tashi da asuba zai yi alwala, sai ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, ba wanda ya sani sai da hantsi ya dubi ludayi.

To, jama'a, magani ɗaya aka ba su. Abin da ya bambanta su shi ne mutane. Duk malamin asibitin da ya daɗe yana aiki a ƙauye ya ga irin waɗannan tsofaffi biyu ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

ABIN DA LIKITOCI SUKA GANO

Kada ku ce wannan zancen baka ne kawai. Likitoci sun yi shekaru suna bin wannan al'amari, suna ƙidaya, suna rubutawa.

A wata gunduma da ake kira Alameda, a ƙasar Amurka, masana sun tambayi mutum wajen 7,000 labarin zamansu: ko suna da aure, ko suna da abokai da dangi da suke gani, ko suna zuwa wurin ibada, ko suna cikin wata ƙungiya. Sa'an nan suka bi su har shekara 9. A 1979 suka bayyana abin da suka gani: waɗanda ba su da hulɗa da mutane sosai, mutuwa ta fi yawa a cikinsu har ninki biyu da wani abu, in an gwada su da masu yawan hulɗa. Wani zai ce, ai mai ciwo ne ke daina fita, watakila ciwon ne ya raba su da mutane tun farko. Masanan sun yi wannan tunani. Suka duba lafiyar kowa tun daga farko, da shan taba, da ƙiba, da wadata ko talauci, duk da haka bambancin bai ɓace ba.

A Jami'ar Harvard kuma, tun 1938 aka fara bin rayuwar waɗansu samari. Daga baya aka haɗa da yaran unguwannin talakawa na birnin Boston, jimla mutum 724. Aka yi ta auna su tun suna samari har suka tsufa. Abin da aka gani shi ne, waɗanda ke jin daɗin zamansu da iyalinsu da abokansu sa'ad da suke da shekara 50, su ne suka fi ƙoshin lafiya da suka kai shekara 80.

A 2010 wata malama mai suna Julianne Holt-Lunstad da abokan aikinta suka tattara bincike 148 da aka yi a ƙasashe dabam dabam, a kan mutum fiye da 300,000. Suka ga masu kyakkyawar hulɗa da jama'a sun fi marasa ita samun tsawon kwana, har suka ce illar rashin mutane ta yi kusa da illar shan taba.

Akwai wani gwaji mai ban mamaki da aka bayyana a 1997. Mutum 276 masu lafiya suka yarda aka ɗiga musu ƙwayar cutar mura a hanci, aka ajiye su ana dubawa. Kafin nan an tambayi kowa irin mutanen da yake hulɗa da su: mata ko miji, iyaye, 'ya'ya, maƙwabta, abokan aiki, abokan ibada, da sauransu. Waɗanda hulɗarsu ba ta wuce iri 3 ba, sun fi kamuwa da murar har wajen ninki 4 bisa masu iri 6 ko fiye. Ku lura, kowa an ɗiga masa ƙwayar cutar.

Wani kuma zai ce, kaɗaici ai ciwon Turawa ne, mu nan muna da dangi. To, a watan Yuni na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fid da rahoto, ta ce cikin kowane mutum 6 a duniya akwai 1 da kaɗaici ke damu, kuma abin yana da hannu cikin mutuwar mutum wajen 871,000 kowace shekara. Ta ce a ƙasashe matalauta wajen mutum 24 cikin 100 ne ke kuka da kaɗaici, a ƙasashe masu arziki kuwa wajen 11. Ashe abin ya fi kusa da mu.

YADDA ABIN KE AIKI A JIKI

Yanzu sai mu tambaya, ta wace hanya zama da mutane ke shiga jikin mutum har ya taɓa jininsa da zuciyarsa? Hanyoyin uku ne.

Ta farko ita ce hanyar hankali. Kowa ya san abin da ke faruwa in ya yi kiciɓis da maciji a gona. Gabansa ya faɗi, zuciya ta yi ta bugawa, gumi ya karyo, bakinsa ya bushe. Dalili kuwa akwai waɗansu 'yan ƙananan halittu biyu da ke zaune a bisa ƙoda, ɗaya dama ɗaya hagu. In mutum ya firgita, sai su zuba waɗansu sinadarai cikin jini. Sinadaran nan su ke sa zuciya ta yi sauri, jijiyoyin jini su tsuke, sukari ya ƙaru cikin jini, don mutum ya sami ƙarfin gudu ko na kare kansa. Wannan abu ne mai amfani in na ɗan lokaci ne. Maciji ya wuce, jiki ya koma daidai. Amma mutumin da ke cikin baƙin ciki kullum, ko fargaba, ko husuma a gida, ko yana ganin ba shi da kowa, jikinsa kamar kullum yana gaban maciji ne. Jini ya hau ya ƙi sauka, barci ya gagara, abinci ya fita ransa, sojojin jini masu yaƙi da cuta su yi rauni. In an daɗe a haka, sai a sami hanyar ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. In kuwa mutum yana da wanda zai zauna da shi ya amayar da abin da ke cikinsa, sai hankalinsa ya kwanta, jikinsa ma ya sassauta.

An gwada wannan a kan ma'aurata 42 a jihar Ohio ta Amurka, aka bayyana a 2005. Aka yi wa kowa 'yan ƙananan raunuka a hannu, sau biyu. Karo na farko aka sa miji da mata su yi hira ta taimakon juna. Karo na biyu aka sa su tattauna abin da suke saɓani a kansa. Raunukan da aka yi ranar gardama sun fi daɗewa kafin su warke, da wajen kwana guda. Ma'auratan da suka fi zafin baki da wulakanta juna kuwa, nasu ya fi na kowa jinkiri. Ku duba fa, baƙar magana har fata tana jin ta.

Hanya ta biyu ita ce ta hali. Mutum yakan ɗauki halin waɗanda yake zaune da su. Wanda ke da mai tuna masa magani, zai sha. Wanda ke da mai yi masa faɗa in ya kama taba, zai rage. Mai tarin fuka magani na wata 6 ake ba shi, kyauta, amma da yawa sukan bari in sun fara jin sauƙi, ciwon ya komo da ƙarfi. Shi ya sa malaman asibiti ke neman wani na kusa da shi ya tsaya ya ga yana sha kullum har ya gama.

Hanya ta uku ita ce ta agaji. Mace tana naƙuda, jini ya ɓalle da tsakar dare. Wa zai gane abin ya wuce na gida? Wa zai yanke shawara a tafi asibiti? Wa ke da mota ko babur? Wa zai ba da rancen kuɗin mai? Wa zai ba da jini? Kowace tambaya amsarta mutum ne. Matan da ke rasuwa wurin haihuwa, da yawansu jinkiri ne ke kashe su: jinkirin shawara, da jinkirin hanya, da jinkirin samun taimako in an isa. Gidan da ke zaman lafiya da maƙwabta, ƙofa ɗaya za a buga mutum goma su fito.

WANNAN BA BAƘON ABU BA NE A ƘASARMU

Jama'ar Wurno ba sa bukatar a zo daga nesa a koya musu wannan. Malamai sun daɗe suna karantar da cewa sada zumunci yana jawo yalwar arziki da tsawon kwana, kuma gai da mara lafiya hakki ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya zauna a Wurno, ya rasu a can a 1837, shi kansa ya rubuta littattafai a kan magani. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ita ta kafa tsarin 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali daga ƙauye, ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa. Jaji ta tattaro mata, tsofaffi da 'yan mata, ta jagorance su a ƙafa zuwa wurin Asma'u su yi karatu, su komo su koya wa matan da ke cikin gidaje. Sukan zo da sadaka, hatsi da sauransu, a raba wa mabukata. Bayan rasuwarta, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin a Wurno. Ku duba hikimar da ke ciki. A zamanin da aka sha yaƙe-yaƙe, ga gwauraye, ga baƙi da aka raba da garuruwansu, sai aka sami hanyar da macen da ke ƙauye mai nisa za ta san tana da 'yan'uwa, tana da mai zuwa ya tambayi lafiyarta.

Haka kuma al'adunmu na yau da kullum. Gayya: mutum ya kwanta ciwo da damina, samarin gari su taru su nome masa gona. Adashi: mata su tara kuɗi, mai bukata ta kwasa. Ciyayya tsakanin maƙwabta, da gudummawar biki, da barka, da suna, da zaman makoki. Har wasan da ke tsakanin taubasai, da na jika da kaka, magani ne, gama dariya tana sauke nauyin zuciya. Kakanninmu ba su san sunan sinadaran da ke cikin jini ba, amma sun san ɗan'uwa rabin jiki ne.

Likitocin ƙasarmu ma sun yi aiki da wannan. A 1954, a Aro kusa da Abekuta, Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari na jiyyar masu taɓin hankali. Maimakon a kulle su, sai aka sauke su a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa tare da wani danginsa, uwa ko 'yar'uwa ko ƙane. Da rana su je asibiti a yi musu magani, da yamma su komo cikin mutane. Tsarin ya yi suna a duniya, shi kuma Lambo ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

A ƙasar Zimbabuwe kuma, tun 2006 wani likita mai suna Dixon Chibanda ya koya wa tsofaffin mata yadda za su saurari mai damuwa. Aka ajiye musu benci a harabar ƙananan asibitocin birnin Harare. Mai yawan tunani ya zo ya zauna da kaka, ya faɗi abin da ke damunsa, su warware shi ɗaya bayan ɗaya, har zama 6. Da aka gwada a kan mutum 573, aka bayyana a 2016 cewa bayan wata 6, cikin waɗanda suka zauna da kakannin wajen 14 cikin 100 ne kaɗai ke da sauran alamun ciwon damuwa, cikin sauran kuwa wajen rabi. Tsofaffin mata masu hankali da riƙon asiri, ai ba mu rasa su ba a Magarya.

SU WA KE CIKIN HATSARI

Amma kada mu ruɗi kanmu. Igiyar zumunci tana shan wuya a wannan zamani. Da an gama girbi samari su tafi cin rani, waɗansu ba sa komowa sai shekara ta kewayo. Gandu ya watse, kowa da tukunyarsa. Tsadar abinci ta sa mai son bayarwa ya ji hannunsa ya gajarta. A watan Satumba na 2010 ambaliyar gulbin Rima ta ci gidaje da gonaki a ƙasar Goronyo da maƙwabtanta, ta raba dubban mutane da garuruwansu. Sa'an nan ga masifar 'yan bindiga. A watan Yuli na 2018 aka kai hari Tabanni ta ƙasar Rabah, mutane suka gudu zuwa Gandi. A watan Oktoba na 2021 aka kai hari kasuwar Goronyo, aka kashe mutum fiye da 40. Allah ya ji ƙansu. Wanda ya gudo daga garinsu ya bar gona da rumbu, ya kuma bar maƙwabcin da suka yi shekara 30 suna gaisawa, da majalisarsa, da liman da ya san shi. Wannan rashi shi ma yana kwantar da mutum.

Ku kuma sani, kaɗaici iri biyu ne. Akwai wanda ba kowa kusa da shi. Akwai kuma wanda ke cikin gida cike da mutane, amma ba shi da wanda zai gaya wa abin da ke ransa. Don haka ku sa ido a kan waɗannan:

Tsoho ko tsohuwar da 'ya'yansu suka yi nisa, musamman wanda ido ko kunne ko ƙafa ta fara gazawa, gama kurumta da makanta suna raba mutum da hira.

Mai takaba. Kwanakin farko gida cike yake, bayan sadakar arba'in sai ƙafa ta ɗauke, alhali kuwa a lokacin ne baƙin ciki ke zama sosai.

Amaryar da aka kawo daga wani gari, ƙaramar yarinya, ba ta san kowa ba, kunya ta hana ta magana.

Mai jego. In kun ga tana yawan kuka, ba ta barci ko da jariri ya yi barci, ba ta sha'awar ɗanta, wannan ciwo ne da ake yi wa magani. Kada a ce mata raki.

'Yan gudun hijira, da wanda aka sace aka sako, da wanda ya ga an kashe nasa a gabansa.

Sai waɗanda jama'a ke ƙyama saboda ciwo. Mai yoyon fitsari, wahalar doguwar naƙuda ce ta jawo mata, kuma ana yin aikin gyara a Sakkwato. Mai farfaɗiya, ba a ɗaukar ciwonsa ta miyau ko ta taɓawa. Mai kuturta, da ya fara shan magani ya daina yaɗa ta, maganin kuwa kyauta ne. In an guje su, an ɗora musu ciwo na biyu a kan na farko, kuma tsoron gudun nan shi ke sa waɗansu ɓoye ciwonsu har ya yi nisa.

GARGAƊI

Akwai abubuwa uku da ba mu so a yi mana kuskuren fahimta a kansu.

Na ɗaya, zumunci ba ya maye gurbin magani. Yaro mai zazzaɓi da sanƙarewa, asibiti za a kai shi nan da nan. Ɗan'uwa na ƙwarai shi ne mai cewa a tashi a tafi, ba mai cewa a dakata a gani ba.

Na biyu, gai da mara lafiya yana da ƙa'ida. In ciwon mai yaɗuwa ne, kamar amai da gudawa, ko ƙyanda, ko sanƙarau, ko tarin fuka da ba a daɗe da fara maganinsa ba, kada a cika ɗaki. A buɗe taga, a gaisa daga bakin ƙofa, kada a je da jarirai, a wanke hannu da sabulu in an fito. Ana iya aika abinci, a ɗebo wa gidan ruwa, a duba musu dabbobi. Duk wannan gaisuwa ce.

Na uku, ba kowane zama da mutane ke ƙara lafiya ba. Majalisar da ake koya wa yaro shan ƙwaya da sholisho, guba ce. Gidan da ake duka da zagi da gori kullum yana cin lafiyar matar, da ta 'ya'yan, har da ta maigidan kansa. Macen da ake duka, kada a ce mata ta yi haƙuri kawai a sallame ta. Iyaye da waliyyai da mai unguwa su shiga maganar, in akwai rauni a kai ta asibiti.

ABIN DA KOWA ZAI IYA YI

To, me za mu yi? Ba abin da za mu faɗa da ke bukatar kuɗi mai yawa.

Maigida, in ka komo daga gona ko kasuwa, zauna da iyalinka ku yi taɗi ko na ɗan lokaci ne. Tambayi uwargida yadda ta wuni, ka kuma saurari amsar. In an sami saɓani, a bari zuciya ta huce tukuna, kada a yi a gaban yara. In matarka tana da ciki, ka bar ta ta je awo, ku kuma shirya tun da wuri wanda zai kai ta asibiti, da wadda za ta zauna da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a bar mai naƙuda ta kasance tare da wadda ta amince da ita, gama an ga hakan yana rage tsoro, yana sauƙaƙa haihuwa.

Uwargida, ki jawo amaryar gidanku ko ta maƙwabta a jiki. Ki leƙa mai jego bayan an watse daga suna.

Samari masu tafiya cin rani, ku riƙa kiran iyayenku a waya, ko sau ɗaya a mako. Kada ku tsaya ga aiken kuɗi kaɗai, gama tsohuwa tana son jin muryar ɗanta. Kafin ku tafi, ku damƙa amanar tsofaffinku ga wani maƙwabci da sunansa. Amma waya ba ta ganin rama, ba ta kuma ganin tulu ya bushe. Wanda ke kusa ya taka ya je, zumunta a ƙafa take.

Masu unguwanni da limamai, ku san gidajen da tsoho ke kwana shi kaɗai. In an kwana biyu ba a ga mutum a masallaci ko a majalisa ba, a aika a duba. In baƙi 'yan gudun hijira sun sauka garinku, ku sa su cikin sha'anin gari, a gayyace su suna da ɗaurin aure, a ba su aron gona ko aikin yi. Mutum yana son a taimake shi, yana kuma son a bukace shi.

Kai kuma da abin ya dama, kada ka ce sai an zo maka. Fita ka gai da wani. Nemi mutum ɗaya mai riƙon amana ka gaya masa damuwarka. In ka yi mako 2 ko fiye kana cikin baƙin ciki, ba ka jin daɗin kome, barci da cin abinci sun rikice, ƙarfi ya ƙare, to, gaya wa malamin asibiti kamar yadda za ka gaya masa ciwon ciki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ya ga abin ya fi ƙarfinsa, zai tura ka gaba, akwai asibitin gwamnatin tarayya na masu irin wannan lalura a Kware. In kuwa kun ji wani yana cewa ya gaji da duniya, gara ya mutu, kada ku ɗauka wasa ne. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da igiya da makami daga inda yake, a kai shi asibiti a ranar.

Jama'a, ga aikin da muka ba kowa a wannan mako. Kafin ka kwanta yau, ka tuna mutum ɗaya da ka daɗe ba ka gani ba, wanda ka san yana zaune shi kaɗai ko yana cikin wani hali. Gobe in Allah ya kai mu, ka je ka gaishe shi, ka zauna, kada ka yi sauri. In ba ka da abin kai masa, je hakanan, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, ya mai da kowa gidansa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya yarda. Ku huta lafiya.